Kada a sauke giyar Sienna kafin a jona kwamfuta

Maganarmu a kan tsofaffin Toyota Sienna ce, ƙirar 2004 zuwa 2006, da ake yi mana dakon buhuna da su zuwa Dawanau. Sai mota ta maƙale a giya ɗaya, galibi ta uku, tana gunji ba gudu. Nan take bakanike ya ce giyabos ya mutu, a sayo na Beljiyam. Mu dai ba mu yarda da wannan gaggawa ba.

Motar ce ta ɗaure kanta. Ƙwaƙwalwarta ta ji wani abu ba daidai ba, sai ta hana canjin giya don kada ɓarna ta ƙaru, a lallaɓa da ita gareji. To, me ta ji? Motocin Amurka tun 1996 suna da kafa a ƙarƙashin sitiyari, a jona kwamfuta ta faɗi lambar ciwon. Sau da yawa sensar gudu ce, ko wayar da ɓera ya ci, motar hatsi kuwa ba ta rabo da ɓera.

A kuma zaro sandar man giya. Lafiyayye ja ne. In ya yi baƙi yana ƙauri ya ƙone, kuma lodi na jawo haka. Buhu 10 na masara tan guda ne fa, a motar mutum 7 ko 8! Manta T-IV ne, ba kowane jan mai ba.

Cire kan batir kan sake ta na ɗan lokaci, direba ya ce ta warke. Kada ku ba shi kayan Maraɗi a kan wannan.