Tsarkin Jini da Cutar Gado: Darasi daga Karen Dalmashiyan

Masu kiwon karnuka a Turai da Amurka sun daɗe da ɗaukar "tsarkin jini" a matsayin ma'aunin daraja: ba a shigar da kare littafin asali sai uwarsa da ubansa sun fito daga nau'i ɗaya. Tarihin Dalmashiyan, farin karen nan mai ɗigon baƙi, ya nuna cewa wannan ma'auni al'ada ce ta ɗan Adam, kuma dabbar ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Hanta da ƙodar wannan kare ba sa sarrafa sinadarin yurik asid kamar na sauran karnuka. Sinadarin kan taru a fitsari, ya daskare ya zama tsakuwa a mafitsara ko a ƙoda. Tsakuwar kan toshe hanyar fitsari, musamman ga namiji, kuma toshewar na iya kisa. Gadon cutar irin na sikila ne, wato sai an gaji gurɓatacciyar ƙwayar halitta daga uwa da uba. Bambancin shi ne, a nan babu lafiyayyen da za a zaɓa, domin duk Dalmashiyan mai "tsarkin jini" ya gaje ta daga ɓangarorin biyu.

Saboda haka dole magani ya fito daga waje. A 1973, Robert Schaible, masanin ƙwayoyin halitta a Amurka, ya haɗa Dalmashiyan da karen farauta Pointer sau ɗaya tak, sannan ya riƙa mayar da zuriyar ga Dalmashiyan, yana zaɓen masu lafiyayyen fitsari. A 1981 ƙungiyar American Kennel Club ta yi wa biyu daga cikinsu rajista, amma masu kiwon nau'in suka yi tsayin daka, aka hana 'ya'yansu shiga littafin. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar halittar, SLC2A9. Sai a 2011 aka buɗe ƙofar rajista.

Masu adawa sun ce rufe littafin asali ne ke kiyaye kamanni da ɗabi'ar nau'i, kuma da gaskiyarsu. Sai dai rabon Pointer yana raguwa da rabi a kowace haihuwa, har ya zama ido ba ya iya bambancewa. Abin da aka kare tsawon shekaru 30 takarda ce kawai, karnuka kuwa suna ta fama da tsakuwa. Ya kamata duk ƙungiyar da ke riƙe da littafin asali ta sanya lafiyar zuriya cikin sharuɗɗan rajista, ta kuma yarda da sabon jini idan bincike ya tabbatar babu wata mafita.