Zauren Kwamfuta: Idan Kwafi Ya Ƙi Shiga Faifan Waje

Ɗaliban da ke taimaka wa malami a ɗakin kwamfuta, yau da ku nake. Rajista da sakamakon jarrabawa suna cikin babbar kwamfutar makaranta, wato uwar garke, ana kwafe su zuwa faifan waje mai igiyar USB. Wata rana sai kwafin ya tsaya a tsakiya, alhali faifan bai cika ba.

Kafin ku ce ya lalace, ku duba tsarinsa. Idan FAT32 ne, ba zai karɓi fayil guda da ya kai gigabayit 4 ba, kwafin uwar garke kuwa yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Ku kwashe abin da ke ciki tukuna, domin fomatin yana share komai, sannan ku mayar da shi NTFS.

Sai harafin faifai. Jiya Windows ta kira shi E, yau wani ya riga ya soka filashinsa ya karɓe E ɗin, sai ta ba shi F, manhajar kuma tana can tana neman E. A Disk Management ake sauya harafi. Ku zaɓi na nesa, kamar X.

Kuma duk ƙarshen wata ku ɗauko fayil ɗaya daga faifan, ku gani ko zai buɗe.