Uwargida, Kin San Yinin Malamar Ɗanki?

A wannan watan za mu leƙa makarantar firamare ne, mu ga yadda malamar da muke miƙa wa 'ya'yanmu kowace safiya take yin yininta.

Ita ma fa mace ce kamarki, da mijinta da 'ya'yanta. Tun asuba ta ɗora tukunya, ta shirya nata yaran, sannan ta kama hanya don ta isa kafin a kaɗa ƙararrawar taron safe. Daga nan sai kiran suna a rajista, sai duba farce da kayan makaranta, sai rabon faɗa, sai rarrashin mai kuka. Ta ɗauki alli ta tsaya gaban allo, Lissafi, Turanci, Hausa, tana ɗaga murya har maƙogwaro ya bushe. Idan an fita tara, wani yaron ya zo ba kuɗin tara, sau da yawa daga jakarta ake saya masa ƙosai. Bayan an tashi kuma ga tulin littattafan da za ta yi wa maki, ga shirin darasin gobe da hedimasta zai sa wa hannu, wanda sufeto zai nema ranar da ya zo.

Tun da aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa dokarsa a 2004, yara suka yi ta ƙaruwa a azuzuwa, amma malamai ba su ƙaru yadda ya kamata ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. To, ki leƙa ajin ɗanki ki ƙirga da idonki. A ce yara 70 ne, darasi kuma minti 35 ne, ko da malama ba ta yi komai ba sai bin su ɗaya bayan ɗaya, rabin minti ne rabon ɗanki. Ta yaya yaro zai iya karatu da rabin minti? Shi ya sa ake samun yaro ya kai aji shida bai iya haɗa baƙi ba.

Don haka uwargida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki tabbatar yaro ya karya kumallo ya fita da wuri, da fensirinsa da littafinsa. Kada ki ɗora wa yarinya talla a lokacin makaranta, domin darasin da ya wuce ta malama ba ta da sukunin maimaita mata shi. Idan ya dawo daga Islamiyya, ki zaunar da shi minti goma ya karanta miki abin da aka yi yau. Ko ba ki yi boko ba, ki buɗe littafin ki ga ko akwai jan biro a ciki, ki sa yayansa ya saurare shi.

Sannan ki nemi izinin maigida ki ziyarci malamar ko sau ɗaya a zango. Yawancinmu ba mu san hanyar makaranta ba sai ran da yaro ya kawo ƙara, mu yafa mayafi mu tafi da faɗa. Ki je ki gaishe ta, ki tambaye ta inda ɗanki yake da rauni. Kuma kada ki kuskura ki zage ta a gaban yaro, don ran da ya raina ta, ran nan ya daina koyo a wurinta.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya shirya mana zuriya.