Kalmomin Turanci Masu Kwaikwayon Ƙarar Duka

A wannan mako filin namu zai duba waɗansu gajerun kalmomin Turanci da kan ba ɗalibai da masu fassara wahala, watau kalmomin da ke kwaikwayon ƙarar karo ko duka, irin su bang, thud, crash da whack.

Kowace daga cikinsu tana sanar da mai sauraro irin abin da aka buga. Idan buhun hatsi ya faɗo daga kan mota, Bature zai ce thud, domin abu ne mai nauyi wanda ba ya amo. Idan aka buga ƙofa da ƙarfi ko bindiga ta tashi, sai ya ce bang. Crash kuwa ta karon da ke tare da farfashewa ce, kamar na motoci ko na tangaran. Ita whack ta dukan sanda ce ko ta mari.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin yana da nasa amsa-kama: buhu ya faɗi tim, an rufe ƙofa garam, an mare shi tas. Bambancin shi ne, a Hausa amsa-kama yakan biyo bayan aikatau, alhali a Turanci kalmar ita kanta takan zama aikatau ko suna.

Saboda haka ne waɗannan kalmomi suka yi nisa da asalinsu. Rushewar kasuwar hannun jari ta New York a 1929, crash ake kiranta har yau, ko da yake babu abin da ya fashe a zahiri. A 1949 kuma wani masanin taurari ɗan Ingila, Fred Hoyle, ya fara kiran ra'ayin masana kimiyya game da farkon sararin samaniya da sunan Big Bang a wani shirin rediyon BBC, sunan kuwa ya zauna.

To, a nan ne haɗarin yake. Mai fassarar da ya mai da dukansu "ƙara" ya tauye labari, domin a gaban alƙali shaidar wanda ya ji tim daban take da ta wanda ya ji garam. Ya kamata malaman Turanci su riƙa jera wa ɗalibai kowace kalma kusa da 'yar uwarta ta Hausa, su bar kunne ya yi aikinsa.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.