Kuskuren Na'urar Koyon Tuƙin Jirgi Ba Wasa Ba Ne

Idan inji ɗaya ya mutu a jirgi mai inji biyu, hancin jirgin yakan karkata zuwa ɓangaren da ya mutu, dole matuƙi ya taka fedar ɗaya ɓangaren nan take. A na'urar kwaikwayon tuƙi ake koyon wannan, irin wadda ke Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya. Shi ya sa kuskure a manhajarta ke damuna, domin hannu da ƙafa sukan haddace abin da aka koya musu ko da ba daidai ba ne. A 2019, bayan hatsarin jirgin Habasha da ya ci rayuka 157, kamfanin Boeing ya amsa cewa na'urorin kwaikwayon tuƙin 737 MAX ba sa nuna ainihin ƙarfin da ake buƙata wajen juya tayar daidaita hancin jirgin. Wasu za su ce gyara ai aikin kamfanin da ya ƙera na'urar ne. Gaskiya ne, amma kamfanin yana ƙetare, wanda zai fara gano matsalar kuwa shi ne mai gwada alƙaluman na'urar da na jirgin gaske kullum. Saboda haka ya kamata Jami'ar Sufuri ta Daura ta horar da matasan yankin kan wannan aiki.