Sharhi Fitila Ce, Amma Kai Za Ka Buɗe Ido

Duk lokacin jarrabawa sai ka ga Filibiyawa 4:13 a jikin gadaje a hostel ɗinmu, har da na waɗanda ba su leƙa aji ba tun farkon zango. Ni ma na liƙa ta a shekarata ta farko, ina ganin alkawarin cin jarrabawa ne. Sai da wata 'yar'uwa ta buɗe mana littafin sharhi a nazarin Littafi Mai Tsarki na gane cewa Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, kuma zancen jure yunwa da ƙoshi yake yi. Na ji kunya, don aya biyu kawai zan koma baya in gani da kaina.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa Ruhu Mai Tsarki ya isa, a ajiye malamai ba. An rubuta Littafin da Ibrananci da Girkanci, da ɗan Aramiyanci. Fassarar Hausa da aka kammala a 1932 ma aikin masana ce. A Ayyukan Manzanni 8, mutumin Habasha yana karanta Ishaya bai gane ba, kuma Ruhun ne da kansa ya tura masa Filibus. Matambayi ba ya ɓata. Abokanmu Musulmi da ke zaman tafsiri da azumi sun san wannan.

Amma fa mai sharhi mutum ne. Matthew Henry da muke ta saukewa a waya ya rasu a 1714 a Ingila, bai san sadaki ko zaman kishiyoyi a gidajenmu ba. Wannan giɓin ne ya sa malamai 70 'yan Afirka suka fitar da nasu sharhin a 2006. Su ma suna iya kuskure.

Abin da ke damuna shi ne mun mayar da sharhi kamar takardun lakcara: a haddace, a juye. Mutanen Biriya, a sura 17, Bulus da kansa suka saurara, duk da haka kullum suna bincika Nassi su tabbatar, aka kuma yabe su.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, fara karanta surar dukanta, ka yi addu'a, ka rubuta abin da ka fahimta. Sannan ka duba sharhi biyu, ba ɗaya ba. In sun saɓa, koma kan ayar. Nan da 'yan watanni wasunmu za su koyar a makarantar Lahadi a ƙauyukansu, kuma yara za su ɗauki duk abin da muka faɗa.