Tiyatar da ke kwashe mara: a bar wa mai jikin zaɓi

A shekarar 1948 wani likita a birnin New York, Alexander Brunschwig, ya wallafa sakamakon wata tiyata da ta tayar da ƙura. Idan ciwon daji ya mamaye marar mace, sai ya cire mahaifa da farji da mafitsara da dubura gaba ɗaya, ya huda ciki domin fitsari da bayan gida su riƙa fita. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ya fara yi wa aikin ba su tashi ba. Duk da haka ina ganin tiyatar tana da hujja, muddin warkewa ake nema da ita, a kuma hannun waɗanda suka saba yin ta.

Dalili shi ne, sankarar bakin mahaifa idan ta dawo bayan an gasa ta da na'ura, da wuya a sake gasa wurin, allurai kuwa jinkirta ta kawai suke yi. Idan aka zuba ido, takan ɓula mafitsara da hanji, ga zubar jini, ga warin da ke korar ’yan dubiya, har ta toshe hanyar ƙoda. Tun da Eugene Bricker ya fito da dabarar yanko guntun hanji a yi wa fitsari hanya a 1950, aikin yake ta gyaruwa. A manyan cibiyoyi yau waɗanda tiyatar ke halakawa ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma idan an cire cutar tas, kusan rabi kan wuce shekara biyar. Idan kuwa ta riga ta tsallaka huhu ko hanta, wuƙa ba ta da abin yi sai ƙara wahala.

Masu suka za su ce rabin waɗanda aka yi wa aikin sukan gamu da wata matsala daga baya, kuma rayuwa da jaka biyu, ta fitsari da ta bayan gida, maƙale a kan ciki ba wasa ba ce. Gaskiyarsu. Wata ma abin da za ta fara tambaya shi ne sallarta, ko da yake malaman fiƙihu sun daɗe da sauƙaƙa wa mai lalurar da ba ta yankewa. Amma wannan sukar nuna mana take yi wanda ya cancanci yanke hukunci. A asibitocinmu sau da yawa mijin mace ko wanta ake ja gefe a yi wa bayani, ya sa hannu, ita kuwa a ce mata ɗan ƙaramin aiki ne. Mai jikin ce za ta riƙa sauya jakar nan kullum, don haka ita za a zaunar, a nuna mata jakar, a faɗa mata abin da zai sami aurenta, sannan a saurari amsarta ko da a'a ce.